Tiya Ba Ta Auna Zuciya

Shekara talatin da ɗaya ina awon gero
a rumfar baya ta babbar kasuwa,
tiya a dama, buhu a gindin ƙafa.
Na san nauyin damin Tibiri tun kafin a sussuka shi.
Nauyin kaina ne ban sani ba,
sai ranar da Likita Habsu ta ɗora ni kan sikeli
kamar ragon da ake ciniki,
ta ɗaure mini dantse da robar nan mai kumbura,
ta dubi allura, ta yi shiru.
Shirun likita ya fi tsawa ban tsoro.

Ta ce, "Tansiyo ya hau, sukari na biye da shi.
Rage tuwo. Rage fura.
Burodi da shayin nan mai cokali huɗu, ku yi ban kwana."
Na ce, "Likita, gero fa nake sayarwa."
Ta ce, "Sayar. Ban ce ka cinye jarin ba."

Ranar farko da fahariya na yi ta.
Tsahara ta kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli,
ƙwai biyu, gutsuren kifi,
ina ci ina yi wa yara wa'azin haƙuri.

Rana ta uku kaina ya zama turmi,
wani na daka a ciki, ba ya hutawa.
Na ɗago daga ruku'u, masallaci ya juya,
na dafa kafaɗar Mati mai walda,
shi ya ɗauka zumunci ne.
Cikin dare ƙwaurina ya murɗe kamar igiyar guga,
fitsari sau biyar, ƙishi sau goma,
ciki kuwa ya kulle ƙofa ya jefar da makulli.
Ilu, autana, ya ja da baya, ya ce,
"Baba, bakinka na warin mangwaron da ya kwana cikin leda."
Asuwaki uku na tauna. Yaron bai janye maganarsa ba.

Sai na yi wayon ɗan kasuwa:
hatsi aka hana ni, ba a hana ni kitse ba.
Kowace magariba ga ni gaban mai balangu a unguwar Zariya,
"Yanko tozo, ƙara mai, barbaɗa gishiri."
Kwana tara a haka.
A dare na goma zuciyata ta dinga dukan ƙirji
kamar mai bin bashi da ya ji motsi a ɗaki.
Na zauna bakin gado ina ƙirga ƴaƴana,
na tarar ban gama aurar da ko rabi ba.

Likita Habsu ba ta yi dariya ba.
Ta ce, "Ka gudu daga gara, ka faɗa zago.
Jiri da ciwon kai baƙi ne,
ka ba su ruwa da romo, su yi sati su wuce.
Kitsen can ɗan gida yake zama,
cikin jijiya yake aza tubali.
Gyaɗa tana ƙofar gidanka, ga wake, ga rama, ga kifi.
Tuwo malmala guda, ƙarama; ban ce ku yi gaba ba.
Magani kuwa, kar ka taɓa lissafinsa sai na gani."

Yau wata biyu.
Zariyar wandona ta sami saura,
ƴan kabu-kabu sun daina yi mini oda,
da ƙafa nake zuwa rumfa, ina isa da numfashina a hannuna.
Ba zan yi ƙarya ba:
in Tsahara ta buɗe tukunya tururi ya taso,
wani abu a cikina yana kuka kamar maraya.

Jiya wata tsohuwa ta ce, "Cika mini, ɗan nan, har ya yi tozo."
Na cika mata, gero na zuba ta gefe.
Da na koma gida na ɗauki ƙaramin akushi,
wanda Ilu ya girme masa,
na miƙa wa Tsahara, na ce, "Shafe baki."